Manhajar makarantun Nijar: tarihin gyare-gyare, matsin duniya da darasin ƙasashen Konfushiyus

A ranar 26 ga Maris 2025, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a Yamai kan Kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin da aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kundin ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kwanaki kaɗan kafin nan Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF. Tun daga lokacin iyaye da malamai ke tambaya: da wane harshe za a karantar da yaron da zai shiga aji ɗaya, me za a koya masa, kuma wane irin mutum ake son makaranta ta fitar?

Tambayar ta girmi wannan gwamnati. Nijar ta shafe sama da shekaru 60 tana gyaran manhaja, kuma kusan kowane gyara ya zo tsakanin buƙata biyu: ta daidaita makaranta da rayuwar ƴan ƙasa, da ta biyan sharuɗɗan duniya da masu ba da kuɗi. Ƙasashen gabashin Asiya, waɗanda suka gaji koyarwar Konfushiyus, sun sha irin wannan muhawara tun kafin Nijar, shi ya sa ake yawan kafa misali da su.

Mene ne manhaja, wa ke tsara ta?

Manhaja ita ce dukan abin da hukuma ta tsara a koyar: darussa, yawan sa'o'in kowane darasi, harshen koyarwa, littattafai, dabarar malami da yadda ake auna ɗalibi. A Nijar, ma'aikatar ilimi ce ke da alhakinta, wadda aka naɗa Dokta Élisabeth Shérif ta jagorance ta a Agustan 2023. Cibiyar INDRAP da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ita ce ke rubuta littattafan ɗalibai da jagororin malamai. Makarantun horon malamai na jihohi su ke shirya masu koyarwa, sufetoci kuma su bi diddigi a azuzuwa.

Karatun firamare shekara shida ne, daga CI zuwa CM2. Sai kwaleji shekara huɗu da ke ƙarewa da jarabawar BEPC, sannan lise shekara uku da ke kai wa ga BAC. Akwai kuma makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a garin Say a 1957, da dubban makarantun allo da ba sa bin manhajar gwamnati amma suke tarbiyyantar da yara masu ɗimbin yawa.

Gadon da aka karɓa a 1960

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba. Turawan mulkin mallaka sun kafa makaranta ne don samun tafintoci, akawu-akawu da ƙananan ma'aikata. Faransanci kaɗai ake magana a aji, ana kuma hukunta yaron da aka ji yana yin harshen gidansu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sukar wannan tsari da hujja shi ne Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya nuna cewa makarantar da aka gada tana raba yaro da al'ummarsa, ya nemi a koyar da harsunan gida, a haɗa karatu da aikin hannu, a kuma ba kimiyya babban matsayi. Boubou Hama shi ma ya wallafa nazari kan tarbiyyar gargajiyar Afirka a 1968. Wato ƴan Nijar da kansu sun shimfiɗa tubalin muhawarar tun farko.

Gwaje-gwaje sun biyo baya. A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa, shirin da ya yi suna a duniya amma bai wuce ƴan makarantu ba. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak. Binciken da aka yi ta yi a kan waɗannan makarantu ya nuna yaransu sun fi saurin iya karatu, kuma ba a bar su baya a Faransanci ba. Duk da haka sunan "gwaji" ya bi su shekaru aru-aru, ba a mayar da su tsarin kowa da kowa ba.

Yadda dunƙulewar duniya ta shiga aji

Faɗuwar farashin uranium a farkon shekarun 1980 ta jefa baitulmali cikin ƙunci, Nijar ta shiga shirye-shiryen tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya. Daga nan batun makaranta ya koma batun lissafi: nawa ake kashe wa kowane ɗalibi, nawa ne albashin malami, nawa ne alawus ɗin ƴan jami'a. A ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito zanga-zangar ƙin wani shirin gyaran ilimi da Bankin Duniya ke mara wa baya, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, ɗalibai uku suka mutu. Har yau ƙungiyar ɗalibai ta USN na tunawa da ranar.

Wata guda bayan haka aka yi taron Jomtien a Tailan, inda ƙasashe suka yi alkawarin ilimi ga kowa. Taron Dakar na 2000 ya sabunta alkawarin, sannan muradun ci gaba na 2015 suka ƙara sharaɗin inganci. Dokokin Nijar sun bi wannan sawu. Dokar 1 ga Yunin 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta tsara fasalin ilimin ƙasa, ta kuma tanadi cewa a firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, Faransanci kuma darasi ne, kafin su yi musayar matsayi a kwaleji. Dokar 31 ga Disambar 2001 ta amince da harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa. Shirin shekara goma na PDDE ya fara a 2003, shirin PSEF ya gaje shi a 2014.

An samu nasara ta fuskar yawa. A wajajen 2000, kusan kashi ɗaya cikin uku na yara ne ke firamare. Cikin shekaru goma sha adadin ya haura kashi biyu cikin uku. Amma an cimma hakan ne da ɗaukar malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi da gajeren horo, har suka zama mafi rinjaye a azuzuwa, da kuma kafa dubban azuzuwan zana.

Dabarun koyarwa ma daga waje suka riƙa zuwa, kowace da ƙwararrunta da tarukan bitarta. An yi zamanin koyarwa bisa manufofi, aka koma koyarwa bisa ƙwarewa, sannan Nijar ta rungumi abin da ake kira APS, wato gina darasi a kan wani yanayi na rayuwar yaro, kamar ciniki a kasuwa, rabon ruwa a rijiya ko auna gona. An fara gwada sabuwar manhajar, wadda ke farawa da harsunan gida, a makarantu 500 a 2015, daga baya aka ƙara yawansu.

Abin da awo ya nuna

Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya girgiza hukumomi. A zagayen 2014, ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, haka ma a lissafi. A zagayen 2019 an samu ci gaba, inda kusan uku cikin goma suka kai matakin a karatu. Ma'ana, har a lokacin, yara bakwai cikin goma na kammala shekara shida ba tare da sun iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata ba.

A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarabawar tantancewa, duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Ƙungiyoyin sun ce laifin na tsarin da ya ɗauke su aiki ba tare da horo ba ne, ya kuma riƙa jinkirta biyansu. Jarabawar kammala firamare ta CFEPD, wadda aka soke kimanin shekaru goma, an maido da ita a 2024.

Matsalar gine-gine kuwa ta zama ta rai da mutuwa. A Afrilun 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas da ke Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwambar shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, inda sama da yara 20 suka rasu. A jihar Tilaberi rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu.

Wane ne Konfushiyus, me ya koyar?

Konfushiyus, wanda Sinawa ke kira Kongzi, ya rayu daga shekara ta 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙasar Lu, cikin lardin Shandong na yau. Malami ne kuma mai ba sarakuna shawara, a zamanin da yaƙe-yaƙe suka raba ƙasar Sin. Almajiransa ne suka tattara maganganunsa bayan rasuwarsa. Abin da masana ilimi ke dubawa a koyarwarsa shi ne ɓangaren ɗa'a da mulki, ba na ibada ba.

Ana iya taƙaita ra'ayinsa kan ilimi a abubuwa biyar. Na farko, manufar karatu ita ce gyaran hali, a samar da mutum mai tausayi, ladabi da riƙon amana, wanda ya cancanci a danƙa masa al'amuran jama'a. Na biyu, ƙofar ilimi a buɗe take ga duk mai nema, ko ɗan sarki ko ɗan talaka. Na uku, himma ta fi baiwa: abin da ke bambanta mutane shi ne naci da maimaici. Na huɗu, karatu da tunani tare suke tafiya, ɗaya ba ya wadatarwa in babu ɗayan. Na biyar, malami abin koyi ne, girmansa na kusa da na mahaifi, amma da halinsa yake sayen wannan girma.

Daga ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, daular Han ta mayar da wannan koyarwa ginshiƙin mulki. Daga farkon ƙarni na 7 aka kafa jarabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wadda ta ɗore har 1905. Bisa ƙa'ida ɗan manomi na iya zama babban jami'i idan ya ci jarabawa. A zahiri masu hali sun fi samun dama, mata kuma ba sa shiga ko kaɗan. Tsarin ya bazu zuwa Koriya da Biyetnam, tasirin koyarwar kuma ya kai Japan.

Yadda Asiya ta haɗa na gida da na waje

Sinawa ba su riƙe Konfushiyus hannu bibbiyu a kowane zamani ba. Matasan da suka yi yunƙurin 4 ga Mayun 1919 sun ɗora masa laifin koma bayan ƙasarsu, kuma a lokacin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 an farfasa wuraren tunawa da shi. Gyaran da ya sauya ƙasar ya biyo wata hanya: sauƙaƙa rubutun Sinanci da tsara shi da haruffan boko a shekarun 1950, maido da jarabawar shiga jami'a a 1977, da dokar 1986 ta karatun dole na shekara tara.

A 2001, shekarar da Sin ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ta ari dabarun Yammacin duniya: rage hadda, ba ɗalibi damar tambaya da bincike. A 2009 ɗaliban Shanghai suka zo na ɗaya a gwajin PISA na duniya. Daga 2017 kuma gwamnati ta fitar da littattafan bai ɗaya na harshe, tarihi da ɗa'a, ta ƙara yawan tsofaffin rubuce-rubucen gargajiya a cikinsu. Wato ta ɗauki kimiyya da dabara daga ko'ina, ta riƙe harshe da tarbiyya a hannunta.

Singafo ta bi wata hanya daban. Ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa, ta wajabta wa kowane yaro harshen al'ummarsa a matsayin darasi. A 1984 ta saka ɗa'ar Konfushiyus cikin darussan da ɗaliban sakandare ke zaɓa, amma ɗalibai ba su rungume shi yadda aka zata ba, aka janye shirin bayan ƴan shekaru. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, ba a dasa ɗa'a ta hanyar ƙara awa guda a jadawali.

Tsarin na da nasa illoli. Sama da matasa miliyan 13 ne suka zauna jarabawar shiga jami'a a Sin a 2024, kuma gasar ta sa iyaye kashe dukiya a darussan bayan makaranta, har gwamnati ta taƙaita su da aikin gida a 2021. A Koriya ta Kudu ana danganta matsin jarabawa da damuwar matasa da tsadar renon yara. Masana da dama kuma na gargaɗin kada a jingina nasarar Asiya ga al'ada kaɗai, domin waɗannan ƙasashe sun yi ƙarnoni da koyarwar Konfushiyus alhali yawancin jama'arsu ba su iya karatu ba. Abin da ya kawo sauyi shi ne gwamnatocin da suka zuba kuɗi a firamare, suka horar da malamai suka biya su, suka kuma samar da masana'antun da za su ɗauki waɗanda suka gama.

Ina alaƙar da Nijar?

Nijar da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1974, ta yanke a 1992, aka maido da ita a 1996. Matatar man SORAZ da ke kusa da Damagaram, gada ta biyu ta Yamai da babban asibitin ƙwararru duk da hannun Sin aka gina su, kuma ɗaliban Nijar na samun guraben karatu a can. Sunan Konfushiyus ya fi shiga kunnen ƴan Afirka ta cibiyoyin da ke ɗauke da shi, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Seoul a 2004, ta farko a Afirka kuma a Nairobi a 2005. Aikin cibiyoyin koyar da harshe da al'adun Sin ne, ba sauya manhajar ƙasashe ba.

Nijar ba ta rasa nata tushen tarbiyya ba. Abin da Bahaushe ke kira mutumin kirki, mai gaskiya, amana, haƙuri, kunya, ladabi da adalci, ya yi kusa da mutumin da Konfushiyus ke son ilimi ya ƙera, kuma sauran al'ummomin ƙasar na da irin wannan ma'auni. Girmama malami, biya karatu har ya zauna, da ɗaukar neman ilimi a matsayin wajibi, duk sanannu ne a makarantar allo da zaurukan malamai. Bambancin shi ne, a gabashin Asiya makarantar gwamnati ta gaji wannan martaba, a Nijar kuwa an daɗe ana kallon boko a matsayin baƙo, martabar ta tsaya a wajen malamin allo. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma maganar ta shafi aro daga Beijing kamar yadda ta shafi aro daga Paris.

Batutuwan da suka rage a warware

Harshe ne na farko. Kundin 2025 ya ɗaga Hausa, ya lissafa sauran tara a matsayin harsunan da ake magana da su a ƙasa: Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Tamajak, Gurmanci, Larabci, Tubanci, Buduma da Tasawak. Wasu masu magana da waɗannan harsuna sun nuna damuwa. Hujjar masana ilimi ita ce yaro ya fi koyo da harshen da ya tashi da shi, saboda haka abin da ya dace da ɗan Maraɗi ba lallai ya dace da ɗan Tera ko ɗan Gigimi ba. A Yamai, inda aji ɗaya kan haɗa yara masu harsuna uku ko huɗu, zaɓin ya fi wuya.

Maƙwabta na ba da misalai iri biyu. Mali da Burkina Faso, abokan Nijar a ƙawancen AES, sun sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma, kuma dukansu na da tsohon tarihin makarantu masu harshe biyu. Najeriya kuwa ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta soke manufar a Nuwambar 2025. Masu goyon bayan manufar sun ce an soke ta ne tun ba a samar mata da malamai da littattafai ba.

Na biyu shi ne malami: horonsa, albashinsa a kan lokaci, da iya rubuta harshen da zai koyar da shi, domin jin harshe daban, karantar da lissafi da shi daban. Na uku littattafai, musamman na kimiyya, da kalmomin fannoni da za a daidaita tsakanin Nijar da Najeriya. Na huɗu jarabawa: muddin BEPC, BAC da gasar shiga aikin gwamnati na gudana da Faransanci kaɗai, iyaye za su ci gaba da neman Faransanci ga ƴaƴansu, masu hali kuma su kai nasu makarantu masu zaman kansu. Na biyar abin da za a koyar a tarihi da tarbiyyar ɗan ƙasa, bayan da hukumomi suka sauya sunayen tituna a Yamai a Oktobar 2024, suka kuma kafa kwamitin sake rubuta tarihin Nijar. Na shida kuɗi, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kuma tsaro ke cin kaso mai tsoka na kasafi.

Dokar 1998 ta riga ta tanadi koyarwa da harshen uwa, kuma gwajin Damagaram ya haura shekara 50. Saboda haka masu bin lamarin sun fi zuba ido kan abubuwan da ake iya ƙirgawa: malamai nawa aka horar da harsunan gida, littattafai nawa suka isa hannun ɗalibai a farkon shekarar karatu, azuzuwan zana nawa aka maye da gini, da kuma yara nawa cikin goma za su iya karanta shafi guda su faɗi abin da ya ƙunsa idan sun kai CM2.